Gajere Ko Dogo? Musayar Baituka Tsakanin Ɗaliban Jos

Sharaɗi ɗaya ne: duk mai shigowa ya rufe baitinsa da "wa".

Ɗan Rikkos:

Ni dai gajeren labari nake ƙauna,
Daga Taminus zuwa Naraguta in zauna
A bayan Keke, da waya a hannuna,
Kafin a ce "sauka", na kai ga ƙarewa.

Lacca ta safe, ga sanyin Jos da hazo,
Handawut tari guda, tes ma ga shi ya zo,
Dogon littafi kam sai dai mai ƙwazo,
Ni batirina ba ya jure daɗewa.

'Yar Gangare:

Sannu da gaggawa, Ɗan Rikkos ɗan'uwana,
Gajere ɗanɗano ne, ba ya cika cikina,
Ina son tauraruwa ta zauna a raina,
In san kishiyarta, in san dalilin rabuwa.

Ka tuna 2022 da yajin malamai?
Wata takwas a gida, zama ya yi tsawo sosai,
Me ya riƙe ni in ba manyan littattafai?
Na ɗaya, na biyu, na uku, ba na gajiyawa.

Ɗan Rikkos:

Na biyu da na uku, ai nan ake shan wahala,
Daidai wurin daɗi a yanke, a bar ka da ƙwalla,
Sai ka tura kuɗi a sa ka gurup ka kammala,
Ni da garin kwaki ma sai an yi rantawa.

Yaya Mai Digiri Na Biyu:

Ƙannena, ku tsaya ku ji ta bakin yayanku,
Tun 1937 Imam ya raba gardamarku,
Magana Jari Ce, gajeru ne a bakin aku,
Dogon zare guda ya yi musu ɗaurewa.

Ga kuma Hikayata ta sashen BBC Hausa,
Tun 2016 mata ke shiga gasa,
Shafi kaɗan, kowane layi da nauyinsa,
Gajeren nan ya fi wuya wajen rubutawa.

(Ku yi haƙuri da karin waƙar, daga laburare nake, yatsuna sun ƙandare.)

'Yar Gangare:

Yaya, mun ji, amma bari in tona asiri,
Wannan mai kushe dogo da yawan alfahari,
Shi ne ya ari littafina, wancan mai kauri,
Har yau shiru, ba ya batun maidowa.

Ɗan Rikkos:

Haba Hajiya, a gaban Yaya za ki fasa?
Saura babi biyu, in ga ko za ta aure sa,
Bayan tes ɗin Litinin ki zo ki amsa,
Amma ki riƙo na biyun in kina tahowa.