Kwana a dajin Kainji da hawa jirgin ruwa, ina ake karɓar izini?

Ɗan Kontagora: Salam jama'a, mu huɗu ne muke so mu je gandun dajin Kainji mu kwana a tanti mu ɗan hau jirgin ruwa, wai sai da takarda ne?

Baban Ummi: Wslm. Ku fara biyawa ofishinsu a New Bussa ku biya kuɗin shiga su haɗa ku da ma'aikacin daji, ba a faɗawa haka kawai. Masaukin yana bakin kogin Oli ɓangaren Borgu, ni da na je da asuba muka ji dorina tana huci kamar a bayan ɗaki wallahi.

Maman Sadiq: Ku dai tambayi yanayin tsaro tukuna, kuma kar wanda ya hau jirgi ba rigar ruwa.

Ɗan Kontagora: Toh Hajiya, su ke bayarwa?

Baban Ummi: Tafi da taka kawai malam.