Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga: wane ne bangon, wane ne ƙadangaren?

Mai Tasi, Bronx:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Na kawo muku maganar da ta shiga tsakanina da aminina ranar Juma'ar da ta wuce, bayan mun sauko daga masallaci mun zauna cin tuwo a inda muka saba. Dukanmu magoya bayan Giants ne, ƙungiyar ƙwallon Amurka (American football) ta New York, tun zuwanmu ƙasar nan. Shi ya tsaya kai da fata cewa tun da aka bar Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallonmu, ya koma Eagles ta Filadelfiya a watan Maris na 2024 gudu da ƙwallo ya mutu a ƙungiyarmu, shi ya sa muka ci wasa 3 kacal aka cinye mu 14. Ni kuwa na tuna masa cewa a 2023 Barkley yana hannunmu, gudun yadi 962 ya yi da ƙwallo, bai cika yadi huɗu a kowace ɗauka ba, amma da ya je Filadelfiya ya yi 2,005, kusan shida a kowace ɗauka. Mutumin ɗaya ne, ƙafafun su ne dai, abin da ya sauya shi ne ƙartin nan biyar da ke buɗe masa hanya. Sai na ce masa sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Nan take ya tsame hannunsa daga kwano, ya ce na ci mutuncin Barkley, kuma na sa karin magana inda ba muhallinta ba. Har yau bai amsa wayata ba. Ina roƙon masana su raba mu.

Tsohon Malamin Hausa, Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam Mai Tasi, wasan nan naku ta bakin ɗana da ke can nake jin labarinsa, amma karin maganar na daɗe ina koyar da ita, kuma ina ganin amininka yana da rabin gaskiya. Duk wanda ya faɗi wannan magana a cikin gida yake tsaye. Bangon nasa ne, tsagewar kuma abin kunya ce da yake jan kunnen 'yan'uwansa a kanta, kamar yadda liman ke faɗarta idan ya ga ma'aurata sun fara kai sirrinsu waje. Kai kuwa ka mayar da bangon na abokan gaba, ka mayar da tsagewar abin nema, har kana yaba wa waɗanda suka iya tsaga shi. Ka juya maganar ta koma tana tafi da ka. Ban ce haramun ba ne, domin karin magana ba aya ba ce, amma kada ka yi mamaki idan kunnen Bahaushe ya ji ta bambaraƙwai.

Ɗan Zango, Harlem:
Baba Malam ya buɗe mini ƙofa. Idan dai a cikin gida za a tsaya, to karin maganar ta fi dacewa da Giants fiye da yadda Mai Tasi ya zata, sai dai Barkley ba shi ne ƙadangaren ba. Yaron nan mu muka ɗauko shi a 2018, shi ne na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa. Ya tsinke jijiyar gwiwa a 2020, ya dawo ya yi mana yadi 1,312 a 2022, muka shiga wasannin ƙarshen kaka saboda shi. Da lokacin sakayya ya zo a Maris na 2023, sai aka ba Daniel Jones, mai jefa ƙwallonmu, kwantiragin dala miliyan 160 na shekara huɗu, Barkley kuma aka ɗaure shi da na shekara ɗaya. Tsagewar ke nan. Duk unguwa ta gan ta, har mai ƙungiyar kansa John Mara an nuno shi a talabijin yana gaya wa manajansa Joe Schoen cewa barci zai yi masa wuya idan yaron ya tafi Filadelfiya. Eagles ba su zo da diga ba, tsaga suka gani suka shige da dala miliyan 37.75 na shekara uku. Ranar 20 ga Oktoba 2024 ina cikin filinmu na MetLife da kuɗina, na ga Barkley ya yi yadi 176, shi kaɗai ya fi dukan ƙungiyarmu, aka tashi 28 da 3. A cikin jirgin ƙasa na komawa gida babu mai ɗaga kai ya dubi wani.

Alhaji na Filadelfiya:
Ɗan'uwana Ɗan Zango, Allah ya ba ka haƙuri, amma ban yarda a kira mikiya, wato Eagles, ƙadangare ba, ko a karin magana. Ni ina bayan Mai Tasi a kan batun ƙartin gaba. Wanda ya ga Jordan Mailata, wanda a Ostireliya wasan rugbi ya tashi yana yi, da Lane Johnson a ɗaya gefen, ya san kocinsu Jeff Stoutland ya gina abin da Giants ba su da shi. A 2023 sau 85 aka kayar da masu jefa ƙwallonku kafin su jefa, to wane mai gudu ne zai tsira a bayan irin wannan shinge? Sai dai zan rage wa Mai Tasi ƙarfi a wuri ɗaya. A wasanmu da Jacksonville a watan Nuwamba babu wata tsaga, mutum ne tsaye a gabansa, Barkley ya juya baya ya tsallake shi ta kansa. Ƙadangaren da ke tsallake katanga da baya ban taɓa ganinsa ba. Haka kuma a wasan ƙarshe na cin kofi, Super Bowl, a New Orleans, abokan karawarmu Chiefs sun toshe kowace kafa, sau 25 aka ba shi ƙwallo yadi 57 kawai ya samu, amma yayin da suka taru suna yaɓe wannan gefe sai bangonsu ya tsage ta sama, aka yi ta jefa musu ƙwallo har aka tashi 40 da 22. To a nan wa ya shiga, wa ya tsaga?

Jikar Inna, Damagaram:
Iyayena maza, ku yi mini uzuri in sa baki, domin wannan karin magana ba na jinta ban tuna da kakata ba, Allah ya jiƙanta. Gidan da na tashi katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan ƙanen kakanmu. Wata shekara damina ta yi ƙarfi, katangar ta tsage daga sama har kusan ƙasa, ana iya zura hannu. Kakanmu ya ce ai ta gefen ƙanensa indararo ke zuba, shi ya kamata ya kira magini. Ƙanen ya ce ai wansa ne ya jingina rumfar awaki a jikinta. Aka bar ta haka rani ya wuce, ba a kwaɓa ƙasa ba, ba a shafa makuba ba, sai gaisuwa ta fatar baki a zaure.

Wani ƙaton jan gwada ya tare a cikin tsagar. Kullum da hantsi yakan fito ya kwanta a kan katanga yana gyaɗa kai, mu yara mu yi ta harbinsa da danƙo. Inna ta hana mu. Ta ce wannan shi ne kaɗai mai faɗa wa mazan gidan gaskiya, kullum yana nuna musu wurin da kansa, su ne ba su dubawa. Idan kakanmu zai fita kasuwa sai ta ɗaga murya kamar da ƙadangaren take, ta ce, “Sannu da aiki, maigida, ka kwana lafiya a sabon ɗakinka?” Kakanmu ya yi kamar bai ji ba. Abin da ya kawo ƙarshen gardamar shi ne ranar da matar ƙanen ta ɗaga murfin kwandon kajinta ta tarar da maciji ya shanye ƙwai, kuma ta cikin tsagar nan aka ga ya sulale ya bi ta gidanmu. Washegari tun kafin rana ta fito mazan biyu suna cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa har gwiwa, ba mai yi wa wani magana, suna miƙa wa juna curi. Inna ta sa aka bar wani ɗan rami can sama kusa da azara, ta ce ba a korar mai gargaɗi.

Amma abin da ya sa na kawo labarin shi ne wani daban. Inna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take sayarwa, kuma shekara da shekaru ba ta samu wurin zama a bakin kasuwa ba, saboda wasu mata biyu 'yan uwa ɗaya sun riƙe layin. Da rabon gado ya haɗa su faɗa, kowace ta daina zuwa don kada ta ga 'yar'uwarta, Inna ta ɗauki tabarmarta da tasarta ta shimfiɗa a wurin, kuma a nan ta zauna har ƙarfinta ya ƙare. Duk wanda ya tambaye ta yadda aka yi, sai ta yi dariya ta ce bango ne ya tsage, ita ce ƙadangaren. Da alfahari take faɗa, ba ta jin ta zagi kanta ko kaɗan. Saboda haka, Baba Malam, da ladabi nake cewa na ji maganar nan a bakin wadda ke wajen gida, kuma ta zauna daram.

Tsohon Malamin Hausa, Zariya:
Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Hajiya, kin kayar da ni a gaban ɗalibai, na kuma karɓa. Sai dai ki lura cewa da dariya ta faɗa, domin ta san tana aron rigar mai laifi ne ta yafa. Mai Tasi kuwa da gaske ya faɗa, ga mutumin da ransa ke ɓace.

Bakatsine, Abuja:
Ni labarin Inna ya tuna mini da mutanenmu na nan. Muna da irin ƙadangarun da ba su jiran damina. Da dare suke zuwa da diga su tsaga bangon jam'iyya, da safe su kira 'yan jarida su ce ga tsaga, saboda haka sun sauya sheƙa domin ceton talakawa. Wanda ya fi ƙwarewa a cikinsu shi ne mai tsaga bangon, ya shige, sannan a ba shi kwangilar yaɓe. Barkley aƙalla ya gama wa'adinsa kafin ya tafi, kuma bai tafi da kujerar da aka zaɓe shi a kai ba.

Ɗan Zango, Harlem:
Malam Bakatsine, namu na Gana ma ba a bar su a baya ba, sai dai su idan sun shiga tsagar sukan rufe ta daga ciki har sai zaɓe ya matso. Amma in dawo kan Giants, akwai abin da aminin Mai Tasi ya manta. An ɗauko Devin Singletary, har lamba 26 ta Barkley ya saka, bai yi abin kirki ba, sai wani yaro Tyrone Tracy da aka zaɓa can a zagaye na biyar ya karɓe wurin ya yi yadi 839, alhali Andrew Thomas, wanda shi ne ginshiƙin ƙartin gaba, ya ji ciwo a ƙafa tun Oktoba bai ƙara wasa ba a kakar. Wannan yaron shi ne Innar Hajiya, ya ga wuri ya shimfiɗa tabarma. Matsalarmu ta gaskiya wani ƙadangaren ne daban, na bakin tulu, a kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Daniel Jones nake nufi da kuɗin da aka zuba masa. A watan Nuwamba dai aka rufe ido aka fasa tulun, aka sallame shi, muka ci gaba da shan kashi har sau goma a jere.

Alhaji na Filadelfiya:
Ƙadangarun sun fara yawa a gidan nan naku. Ni abin da har yau ke yi mini ciwo shi ne wasan ƙarshe na kaka kafin a shiga zagayen cin kofi, a watan Janairu na 2025, da ku ɗin dai muka yi. Saura yadi 101 Barkley ya karya tarihin Eric Dickerson na gudun yadi 2,105 a kaka ɗaya da ke nan tun 1984, ga bangonku a tsage ta ko'ina, amma aka zaunar da shi a benci don kada ya ji ciwo. Ga tsaga ga ƙadangare, an hana shi shiga. Ina son masana su gaya mini ko akwai karin maganar da ta tanadi wannan.

Tsohon Malamin Hausa, Zariya:
Alhaji, wannan sai mu nema. Amma kafin nan akwai wani abu da ya tsaya mini. A wurinmu wasu tsofaffi ba “ke shiga” suke cewa ba, “ke samun mafaka” suke cewa. Idan haka ne, ƙadangaren nan ba mahari ba ne, mai gudun shaho ne ko danƙon yara, ya shiga ya lafe ya zauna. Mai gudu da ƙwallo kuwa, yadda ɗana ya kwatanta mini, idan ya shiga tsaga ya tsaya a ciki an gama da shi, dole ya ɓulla ta ɗaya gefen. Da wannan lafazi maganar ta fi kama da komawarsa Filadelfiya bayan shekara shida yana shan duka a New York. Hajiya, wane lafazi Inna ke amfani da shi?

Jikar Inna, Damagaram:
Baba, idan da kakanmu take sai ta ce “ke samun ɗaki”, don ta ƙara ƙona masa rai.

Mai Tasi, Bronx:
Na gode wa kowa, Allah ya bar zumunci. Na tura wa aminina duk abin da kuka rubuta. Ya amso da saƙo ɗaya, ya ce labarin Inna ya karanta sau biyu, sauran kuma bai gamsu ba, kuma daga yau sunana Jan Gwada. Ya ce Juma'a mai zuwa ni zan biya kuɗin tuwo, kuma in zo da amsar tambayar Alhaji.