Manhajata ta ƙi tashi bayan na ɗaga Ubuntu zuwa 22.04

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum, malamai. Ina rubuta wa wani mai shago a kasuwar Nima manhajar lissafin kaya da yaren rubuta manhaja na C++, kuma tun da na ɗaga kwamfutar aikina daga tsarin sarrafa kwamfuta na Ubuntu 20.04 zuwa 22.04 manhajar ta daina tashi, sai saƙon "libssl.so.1.1: cannot open shared object file" take fitarwa. Wani abokina ya ce in ƙirƙiri mahaɗi (symlink), wato fayil mai nuni zuwa wani fayil, mai suna libssl.so.1.1 wanda zai nuna libssl.so.3. Shin hakan daidai ne?

Malama daga Aboabo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Don Allah kada ka yi hakan. Ubuntu 22.04, wadda ta fito a watan Afrilun 2022, ta zo da OpenSSL 3.0 a madadin 1.1.1 (OpenSSL laburaren ɓoye bayanai ne, shi ke samar da fayil ɗin libssl), kuma lambar da ke ƙarshen sunan fayil ɗin tana nuna cewa yadda manhaja ke kiran ayyukan laburaren ya canza, don haka mahaɗin zai sauya maka saƙon kuskuren ne kawai, manhajar ta koma kukan ba ta ga OPENSSL_1_1_0 ba. Ka fara da umarnin ldd, mai lissafo laburaren da manhaja ke buƙata, a kan manhajar, ka duba layukan da aka rubuta "not found" a gabansu. Ina kyautata zaton libcrypto.so.1.1 ma tana ciki. Tunda lambobin asalin manhajar (source code) suna hannunka, ka saka libssl-dev, kunshin da ake buƙata wajen gina manhaja da OpenSSL, ka goge tsohon ginin gaba ɗaya, sannan ka sake harhaɗawa.

Wani daga Asawase:
Malama ta yi gaskiya. Wasu kan sauko da tsohon kunshin libssl1.1 su ɗora, abin ya yi aiki, amma masu OpenSSL sun daina gyara 1.1.1 kyauta tun 11 ga Satumba 2023, ni kuwa ba zan ɗora lissafin kuɗin mutane a kansa ba. Sannan ka binciki kwamfutar mai shagon. Idan har yanzu tana kan 20.04, abin da ka gina a 22.04 zai iya ƙin tashi a can, domin glibc ɗinka, wato babban laburaren C na tsarin, 2.35 ne, na kwamfutar shagon kuma 2.31. In haka ne, ka gina nasa a cikin Docker, manhajar da ke gudanar da wani tsarin a keɓe cikin kwamfutarka, da hoton (image) ubuntu:20.04.

Ɗan Nima:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake harhaɗawa, ldd bai nuna komai da ya ɓata ba. Kwamfutar shagon kuwa 20.04 ce, saboda haka nasa ginin a Docker zan yi shi.