Lambar Olamfik ta 1896 da aka kawo min tsaraba

Malamin wasanni, wajen Ringim:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu. Ƙanena da ya dawo karatu daga Turai ya kawo min tsarabar lambar yabo daga shagon wani gidan tarihi, ya ce kwafin wadda aka ba zakaru ce a gasar Olamfik ta farko, a Atina, babban birnin ƙasar Girka, 1896. A gaba fuskar wani mai gemu ce, riƙe da 'yar halitta mai fukafukai, a baya kuma gini a kan dutse. Sai dai fara ce sol, ba ruwan zinare. Ranar Alhamis na kai wa yara, suna ta karɓe-karɓe, sai wani ya ce, "Malam, ai wannan ta na biyu ce." Wallahi na rasa amsa. Ko dai an cuci ƙanena ne?

Tsohon ɗan tsere:
Wa alaikumus salam Malam. Ba a cuce shi ba. A 1896 na ɗaya azurfa aka ba shi da reshen zaitun, na biyu tagulla, na uku kuwa hannu rabbana ya koma gida. Tsarin zinare, azurfa, tagulla sai a 1904 ya fara. Ginin nan Akrofolis ne, tsoffin gine-ginen tarihi da ke kan dutse a Atina. Kai, ko zinaren da su Kanu da Tijjani Babangida suka ciyo a Atlanta a 1996, azurfa ce aka yi wa ruwan zinare. Rabon da a ba da zinare zalla tun 1912.

Maƙerin farfaru, Bichi:
Malam, juya ta ka duba bakinta da rana. Ta ainihi bugawa ake yi da hatimin ƙarfe, rubutun ya fito tas. Kwafi mai araha zubi ne: za ka ga layin haɗi a gefe, da 'yan ramuka kamar tsinin allura, gashin gemun kuma ya dushe. Don Allah kar ka goge ta da toka ko lemon tsami yadda mata ke yi wa kwano. In shafe ne a sama, zai tashi. Tsumma mai laushi ya isa.

Malamin wasanni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, akwai layin a gefe. Gobe zan faɗa musu kwafi ce, in kuma kira yaron nan gaban aji ya riƙe ta in ba su labarin azurfar.