Yarona ɗan shekara 4 har yanzu tsamin baki

Maman Biyu:
Salam 'yan uwa, dan Allah a ban shawara. Yarona ya cika 4 amma kaza sai ya ce taza, ruwa kuma luwa, kakarsa ta dage wai a kai shi wajen wanzami a yanke masa ƙasan harshe, ni kuma wallahi raina bai kwanta ba.

Malamar Firamare:
Kar ki yarda da wanzamin nan! "r" dama tana cikin sautukan da ke zuwa a makare, wani yaron sai 5 ko 6. Ta k ɗin ce ta fi damuna, yawanci kafin 4 ta zauna. Baƙo yana gane maganarsa?

Maman Biyu:
Sai na fassara masa gaskiya.

Baban Yara:
To ku fara da likitan kunne tukuna, yaron da kunnensa ke yawan ruwa ba ya jin sautin sosai balle ya faɗa daidai.

Malamar Firamare:
Haka ne. Kuma ki daina cewa "sake faɗa", in ya ce taza ki ce eh kaza ce, ki wuce. A ajina masu irin wannan wani lokaci taza ɗin suke rubutawa a littafi.