Wane abinci ya kamata in riƙa ba kwikwiyona ɗan sati 9?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Dan Allah masu kiwon karnuka, da likitocin dabbobi in akwai su nan, shawara nake nema. Sati biyu da suka wuce na amso wani kwikwiyo wajen abokina, uwar German Shepherd ce, uban kau Allah masani, yanzu satinshi 9. Don gadi na kawo shi, ina da ɗan gidan kaji can bayan gari hanyar Dutsin-ma, sau biyu ana haura mani katanga ana kwashe kaji har da injin ban ruwa.

Tunda ya zo abin da muka ci shi muke ba shi, sauran tuwo da miya, shinkafa da wake, wani sa'in yaron da ke kwana wurin ya dama mashi madarar gari. To yau kwana uku yana zawo, ciki ya yi tulele kamar ƙwarya amma haƙarƙari duk a waje, gashin ma ya yi wani busu-busu ba ƙyalli. Yana ci dai kuma yana wasa. Jiya na shiga wani shago na iske buhunna kala-kala masu hoton kare, wani kuɗinshi ya fi na buhun masara wallahi, wani kuma a buɗe yake ana auna ma mutane da tiya, babu suna babu takarda, mai shagon ya ce in ɗauki wannan duk ɗaya ne sunan kamfani kawai ake saye. Ni ban san komai a harkar ba, mi zan duba? Kuma dole ne sai na buhu, ko akwai abin da zan iya haɗawa a gida?

Maharbin Daura:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni shekarata sama da 30 ina farauta da karnuka, kuma ban taɓa sayen abincin buhu ba, ban ma san launinshi ba. Kunun gero muke dama masu da kauri mu zuba nono, in an yi yanka a ba su kayan ciki da romo, in an dawo daji kuma su ma suna da kasonsu. Kuma su kama zomo a guje. Amma gaskiya ɗaya ce, namu ƴan ƙasa ne, siraran nan masu dogon baki, ba su da nauyin jiki kuma sun gaji wahala tun daga kakanni. Irin naka na Turawa ban san halinshi ba, na dai ga wasu a gidajen masu kuɗi ƙafafu sun lanƙwashe kamar baka.

Cikin nan da ka ce ya kumbura kuma, tsutsa ce, ko kaffara ba zan yi ba. Ka fara da wannan kafin maganar abinci.

Mai Shayin Layout:

Ikon Allah, mu muna neman na garin kwaki wasu na tambayar abincin kare 😂 Allah ya ba mu yadda za mu yi. Ka kawo shi teburina in soya mashi indomi da ƙwai biyu.

Likitan Dabbobi KT:

Salam Malam. Baba Maharbi ya riga ni faɗin abu na farko, Allah ya ƙara ma Baba lafiya. Ciki tulele da haƙarƙari a waje a kwikwiyo mai wannan shekarun galibi tsutsar ciki ce, da yawansu ma daga cikin uwa ko ta nono suke ɗaukarta. Ana ba su maganin tsutsa duk bayan sati 2 har su kai sati 12, sannan wata-wata har wata 6, kuma gwargwadon nauyinshi ake ba shi, don haka a ɗora shi bisa sikeli, kar a yi kintace. Sai rigakafi, wanda ban ga ka ambata ba kuma shi ya fi damuna. Allurar farko tsakanin sati 6 zuwa 8 ake yi, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai kamar sati 16, ta haukan kare kuma daga wata 3. Akwai cutar da ake kira parbo, ita ke gamawa da ƴan kwikwiyo, in ka ga zawon ya koma jini mai ƙarni, yana amai, ya ƙi abinci ya kwanta lakwas, to ba maganar gobe ba ce, ka ɗauke shi ka kai asibitin dabbobi a lokacin. Ko yanzu ma zawon kwana uku a jiki ƙarami kamar wannan, da zafin garin nan, ya isa a kai shi a duba.

Madarar nan a daina. Kwikwiyo in an yaye shi cikinshi yana rage iya narkar da sukarin da ke cikin madara, shi ya sa take sa su gudawa. Nonon da Baba ke ba nashi ya riga ya yi tsami, sukarin ya ragu, shi ya sa bai cika damunsu ba.

Miya ma a daina gaba ɗaya. Albasa da tafarnuwa suna fasa ma kare jajayen ƙwayoyin jini, ɗanye ko dafaffe duk ɗaya, kuma wace miya ce tamu babu albasa? Ga gishiri ga magi ga barkono. Cakulan, inabi da zabibi su ma guba ne gare shi. Har goro, in yaronka mai cin goro ne kar ya riƙa yar da shi inda kare zai tsinta, sinadarin da ke hana ka barci a cikinshi shi kare jikinshi ba ya iya fitar da shi da wuri.

To na buhu. Maganar mai shago cewa duk ɗaya ne ba haka ba ne, kuma na tiyar nan ni ko kyauta ba zan ba kwikwiyo ba. Ba ka san na babban kare ne ko na yaro ba, ba ka san yaushe aka buɗe shi ba, kuma abincin nan akwai mai a jikinshi, in ya sha iska da zafi irin namu na watan 4 da 5 man yana lalacewa ya yi warin tsohon man gyaɗa. In damina ce kuma ya ja danshi ya yi fumfuna, fumfunar masara da gyaɗa tana da dafin da ke kashe hanta, kai mai kaji ka fi ni sanin wannan.

In ka ɗauki buhu rufaffe, ka ƙyale hoton karen da ke gaba, juya bayan. Ka nemi inda aka rubuta puppy ko growth, wato na kwikwiyo mai tasowa, sannan kalmar complete, ma'ana shi kaɗai ya wadatar ba sai an ƙara komai ba. Tunda jinin German Shepherd ne, wanda babbansu kan kai kilo 30 zuwa 40 in namiji ne, ka nemi wanda aka rubuta large breed, wato na jinsin karnuka masu girman jiki. Akwai ƙungiyar Amurka mai suna AAFCO da yawancin kamfanoni ke bin ma'auninta, a wajenta abincin kwikwiyo furotin ɗinshi kar ya gaza kashi 22.5 cikin ɗari, mai kar ya gaza 8.5, na babban kare kau furotin 18 ya isa, ka ga bambancin ke nan. Sannan jerin kayan haɗi, da abin da ya fi nauyi ake farawa, to ka ga an fara da nama mai suna, kaza ko rago ko kifi, ba masara ta ɗaya alkama ta biyu sannan can ƙasa a ce ɗanɗanon nama ba. Ka duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ka shafa buhun ko an huda an liƙe.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne maganar kalsiyam, don nan mutanenmu suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mutum zai sayi abinci mai kyau sai kuma ya je kemis ya sayo ƙwayar kalsiyam ko ya riƙa barbaɗa garin ƙashi wai don ƙashi ya yi ƙwari. Kwikwiyo ɗan ƙasa da wata 6 hanjinshi bai iya tace wannan sinadarin ba, yawan abin da ka zuba yawan abin da zai shanye, a jinsin karnuka masu girman jiki kuma yawanshi ke ɓata guringuntsin gaɓɓai. Shi ya sa a ma'aunin da na faɗa aka ce kalsiyam ɗin abincin kwikwiyon jinsi masu girman jiki ya tsaya tsakanin kashi 1.2 zuwa 1.8, an yi mashi ƙasa an yi mashi sama. Haka ƙiba, kowa so yake a ce karenshi ya yi ɓul-ɓul, alhali in jiki ya riga ƙashi girma kwankwaso ke biyan bashin daga baya, kuma wannan jinsin dama suna da gadon ciwon kwankwaso. Ka shafa gefenshi, ka ji haƙarƙari a hannu amma kar ido ya gan su, daga sama kuma ka ga ƙugu ya ɗan shiga.

Ka ba shi abinci sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Yawan da za ka auna yana jikin buhu gwargwadon nauyi da watanni. Ka jiƙa mashi da ruwan ɗumi yanzu tunda haƙora ƙanana ne. Kar ka sauya mashi abinci rana ɗaya, ka riƙa cakuɗawa kana ƙara sabon a hankali har sati guda. Zai zauna bisa na yara har shekara 1 zuwa wata 18.

Hajiyar GRA:

Likita Allah ya saka da alheri, da na ji wannan shekara biyu da suka wuce da ban yi asara ba. Maigidana ya kawo mana Boerboel, irin karnukan nan masu girman jiki, ƴar wata biyu, mu a ganinmu gata ne, kullum sai an aiki direba kwata ya sayo nama zalla da hanta a dafa mata, ba ta cin komai sai shi. Tana wata biyar muka ga tana tafiya kamar mai taka ƙaya, ƙafafun gaba sun buɗe, ranar nan daga dirowa kan ƴar baranda da ba ta kai gwiwata ba sai ƙafa ta karye. Da aka yi hoto likitan ya nuna mana ƙashin, siriri kamar takarda, ya ce nama zalla kalsiyam ɗin cikinshi kaɗan ne ƙwarai, sai sinadarin fosfaras mai yawa, to jiki sai ya koma yana zaƙulo na ƙashi yana amfani da shi. Ni da na ɗauka duk wanda ke cin nama kullum ai ya gama morewa. Ta warke amma har yau da ɗingishi take tafiya, yarana suna ce mata Gurguwa tana amsawa.

Kuma ɗan'uwa dan Allah ka ja ma yaronka kunne kan ƙashin kaza dafaffe, tunda gidan kaji ne. Tsagewa yake kamar allura.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Na gode ƙwarai, Baba, Likita, Hajiya, Allah ya bar zumunci. Mai shayi kai kuma zan zo amma ni za ka soya mawa. Likita gaskiya ban yi mashi allura ko ɗaya ba, abokin nawa ma da na kira shi ya ce bai yi ba, gobe da safe in sha Allah zan kai shi. Amma ranka ya daɗe maganar aljihu hwa, in na ce buhun nan zan riƙa saye har wata 18 to kajin da yake gadi su zan riƙa saidawa ina ciyar da shi. Ina da ƙwai fasassu kullum da ba su saiduwa, ina da masara da waken suya na abincin kaji. Ba yadda za a yi da su?

Likitan Dabbobi KT:

Akwai, amma abincin kajin kanshi kar ka ba shi, musamman na masu ƙwai, kalsiyam ɗin da ke ciki don ɓawon ƙwai aka zuba, ya ninka abin da kwikwiyo ke buƙata. Waken suya ɗanye ma a'a.

Ga yadda nake ce ma masu irin halinka. Watannin nan na farko har zuwa wata 6 ko 7 su ne ƙashi ke gudu, nan za ka daure ka sayi na buhu, ba dole sai mafi tsada ba, matsakaici mai cikakken rubutu ya isa. Yanzu cikinshi kaɗan ne, ba zai ci da yawa ba. Ka sayi ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata guda, ka bar shi cikin ledarshi ka ɗaure baki ka sa a bokiti mai murfi, a ɗaki mai inuwa, ba ƙarƙashin kwano ba. Ƙwan naka ka dafa ka ba shi kaɗan bisa abincin, shi da duk wani ƙari kar su wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ci a rana. In ya wuce wannan matakin sai mu zauna a haɗa mashi na gida, shinkafa ko tuwon masara marar gishiri, ƙwai, tumbi da kifi, ƴar hanta kaɗan ba kullum ba, kabewa ko dankalin Hausa, da kalsiyam da aka auna da nauyinshi. Aunawar ce aikin, shi ya sa ba zan rubuta maka cokali kaza a nan ba wani mai ƙaramin kare ya kwafa.

Gobe in za ka je ka ɗebi kashinshi na safe a leda ka tafi da shi, kuma ka riƙe shi a hannu ko cikin kwali, kar ka aje shi ƙasa a asibitin inda marasa lafiya suka taka. In sun ga zawon bai tsaya ba za su iya ɗage allurar sai ya warware, kar ka yi masu gardama.

Maharbin Daura:

To ni ma na ƙaru da zancen goro, don nawa har tsintar wanda na tofar suke. Ɗana in ya girma ka kawo shi Daura mu gwada shi da Baƙin nawa mu ga ko cin buhu na sa gudu.