Neman suna ga ciwon hannun masu goge da garaya

Mai shirin lafiya: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan ɗauki shiri a rediyo kan ciwon da ke kama makaɗan goge, kukuma, garaya da gurmi, wanda likitoci ke kira "repetitive strain injury", RSI a taƙaice. Ciwo ne da ke taruwa sannu a hankali a yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu saboda yawan maimaita motsi iri ɗaya. Ina neman sunan da mai sauraro zai gane da jin farko, kuma dole in miƙa rubutun jibi.

Tsohon mai fassara: Wa alaikumus salam. Ka ce "gajiyar jijiya". Gajere ne, kuma ba ya da nauyi a baki.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi: Malam, ina da ja a kan jijiya, domin a Hausa kalma ɗaya ce ga hanyar jini, da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, da wadda ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, alhali ciwon yana taɓa biyun ƙarshe ne. Idan jijiyar saƙo ta matse a wuyan hannu, babban yatsa da manuniya da na tsakiya su ne ke sagewa, galibi da dare. Ita kuma gajiya tana sa mutum ya ɗauka barci ɗaya zai warkar da shi, ya koma kiɗa washegari.

Malamin Hausa: Duk waɗannan bayani ne, ba suna ba. Hausa tana da ƙirar sunan cuta: daga sanƙarewa aka sami sanƙarau. To daga nanatawa sai mu sami "nanatau". Na daɗe ina koya wa ɗalibaina shi.

Tsohon mai fassara: Allah gafarta Malam, ƙirar nan ita ce ta ba mu mantau da makarau, kuma dukansu mutane ne. Wanda ya ji "nanatau" zai zaci mai yawan nanata magana ake nufi, domin Bahaushe magana yake nanatawa, ba motsi ba.

Malamin Hausa: Kunne yakan saba. Matsalarmu ita ce duk kalmar da ta fito daga ajin makaranta sai gidajen rediyo su raina ta, amma su karɓi ta Bature hannu bibbiyu. Wani likitan Italiya, Ramazzini, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'a tun 1700, Turawa su suka raɗa wa abin suna, mu kuma har yau muna jin kunyar raɗa namu.

Ɗan jarida daga Damagaram: Malam, a nan Nijar ma'aikatan lafiya da Faransanci suka yi karatu, TMS suke cewa, wato taƙaitaccen sunan ciwon da Faransanci, ba RSI ba, don haka ina tare da kai cewa haruffan aro ba za su tsallaka iyaka ba. Sai dai kalmar da aka ƙera a jami'a ma ba lallai ta tsallaka ba idan ba a tambayi masu sana'ar ba.

Ɗan mai goge: Iyayena, ku yi mini izini. Mahaifina ya shekara fiye da talatin yana goge. Yatsun hagu suna danna izga, hannun dama yana kai da komo, kuma a lokacin bukukuwa yakan fara daga la'asar har tsakar dare. Da safe sai in ga ya riƙe kofin koko da hannu biyu don kada ya suɓuce. Abin da yake faɗa shi ne "hannuna ya sage". Mun ɗauka sanyi ne, an sha jiƙo, an kai shi wurin mai ɗori ya murɗa, abin ya ƙaru. Duk sunan da za ku zaɓa, ku raba shi da sanyi da targaɗe.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi: Wannan shi ne abin da ya kamata shirin ya tsaya a kai. A gaya musu su motsa yatsu da kafaɗa kafin su fara, su riƙa ajiye kayan kiɗan na 'yan mintoci tsakanin waƙa da waƙa, kada su lanƙwasa wuyan hannu fiye da kima, kuma idan wurin ya kumbura a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora kamar minti 15. Wanda yatsunsa ke sagewa da dare ko abu ke suɓuce masa ya je asibiti. Ni "ciwon maimaita motsi" nake ce wa masu zuwa wurina, teloli da masu kitso ma suna ganewa.

Mai shirin lafiya: Na gode ƙwarai. Zan sa "ciwon maimaita motsi" a kan shirin, in yi amfani da "sagewar hannu" wajen bayyana alamu. Ɗan'uwa, ko Baba zai yarda mu ɗauki muryarsa?

Ɗan mai goge: Zan tambaye shi bayan magariba.

Malamin Hausa: Kalma uku a inda ɗaya za ta isa. Ba zan hana ba tunda lokaci ya ƙure, amma a ajina nanatau yake.